Daga Zara zuwa Dala: Ma'anonin Wasu Kalmomin Kimiyya, Halitta da Tarihi

Tun shekarar 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, malamai suke fama da tambaya guda: da wace kalma za a kira abin da littafin Faransanci ya riga ya raɗa wa suna? Tambayar ta ƙara nauyi a 2025, da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Idan har za a koyar da lissafi da kimiyya da tarihi cikin Hausa, to dole a samu keɓaɓɓun kalmomi, kuma ɗaliban ilimin harsuna na cikin waɗanda wannan aiki zai rataya a wuyansu.

Kafin a ƙirƙiro sabuwar kalma, ya kamata a fara duba waɗanda ake da su, a san inda suka fito, da abin da suke nufi a da, da abin da suke nufi yanzu. Wannan maƙala ta tsinto wasu kalmomi daga fagage daban-daban domin nuna cewa ingancin kalmar ilimi bai dogara ga asalinta ba, ko ta gida ce ko ta aro. Ma'auninsa shi ne, shin tana bambanta abin da ya wajaba a bambanta?

Sararin sama: abu ɗaya, suna biyu

Bahaushe yana da “Zara”, wadda ake yi wa kirari da matar wata saboda yawan ganinta kusa da jinjirin wata bayan faɗuwar rana. Yana kuma da “Gamzaki”, tauraron da yake fitowa da asuba. Kalmar Zara daga Larabci take, wato “Zuhra”. A ilimin taurari kuwa, mai hasken nan na maraice da mai hasken nan na asuba abu ɗaya ne, wanda Faransawa suke kira “Vénus”. Hanyar da yake bi wajen kewaya rana ta fi tamu kusa da ranar, shi ya sa ba ya yin nisa da ita a idonmu: wani lokaci ya biyo bayanta da magariba, wani lokaci ya riga ta fitowa da asuba.

Ga mai nazarin ilimin ma'ana, wannan misali yana da tarihi. Da tauraron asuba da tauraron maraice ne masanin falsafa na Jamus, Gottlob Frege, ya kafa hujja a 1892 cewa abin da kalma take nuni gare shi daban, hanyar da take gabatar da shi kuma daban. Zara da Gamzaki suna nuni ga jiki ɗaya, amma wanda ya ce “Gamzaki ya fito” ya faɗi lokaci, ya kuma tuna wa matafiyi cewa gari ya kusa wayewa.

Matsalar tana cikin kalmar “tauraro” kanta. A Hausa, duk ɗigon haske da yake sama da dare tauraro ne. A kimiyya kuwa, tauraro shi ne mai samar da haskensa da kansa, kamar rana. Zara ba ta da hasken kanta, na rana take mayarwa. Helenawan da sun kira irin waɗannan da suna mai ma'anar “masu yawo”, domin suna sauya wuri a tsakanin sauran taurari, daga nan aka samu “planète”. Marubutan Hausa sun warware matsalar da jam'inta “duniya”, suka ce “duniyoyi”. Ita kuma “dunya” a Larabci tana nufin “mafi kusa”, wato rayuwar nan idan an gwada ta da lahira. Kalmar da ta zo ta ƙofar addini ta koma kalmar ilimin sararin sama. Haka kuma aka samu “tauraron ɗan'adam”, sunan na'urorin da ake harbawa su kewaya duniya tun 1957. Sunan ya zauna a bakin jama'a, amma malamin aji yana bukatar ya bayyana wa yara cewa wannan ba ya cikin taurari na ainihi.

Akwai kuma inda idon al'ummu biyu ya ga hoto ɗaya. Tarin taurarin da Larabawa suke kira “Surayya”, Bahaushe ya ce “kaza da ƴaƴanta”, manoman Faransa kuma suka ce “la Poussinière”, daga sunan ƴan tsaki. Wannan ba aro ba ne, kama ce ta tunani.

Kalmomin da suka faɗaɗa da waɗanda suka karkata

“Kimiyya” ta fito daga Larabci, inda take nufin ilimin haɗa sinadarai, kuma daga tushe ɗaya Faransanci ya samu “chimie” da “alchimie”. A Hausa ma'anarta ta faɗaɗa har ta rufe dukkan ilimin da ake ginawa kan gwaji da awo. Sakamakon haka, fannin da ya mallaki sunan tun asali ya rasa shi, sai da aka nema masa wani, aka ce “ilimin sinadarai”.

Ita ma “sinadari” ta yi irin wannan tafiya. Asalinta kalmar maƙera ce, sunan abin da ake amfani da shi wajen liƙe ƙarfe da ƙarfe, kuma ana danganta ta da “nushadir” ta Larabci. Daga maƙera ta shiga madafa, ta zama abin da yake ƙara wa miya armashi, daga nan ta shiga ɗakin gwaji. A yau “sinadari” tana ɗauke da abin da littafin Faransanci ya raba gida uku ko huɗu: tushen abu wanda ba ya rabuwa zuwa wani iri, kamar zinariya, haɗin tushe biyu ko fiye, kamar gishiri, da abin gina jiki da yake cikin abinci. Ɗalibin da aka ce masa ruwa sinadari ne da ya ƙunshi sinadarai biyu, yana da haƙƙin ya rikice.

Tsarin sauti kan taimaka wajen gano hanyar da kalma ta biyo. Baƙin Larabci da muke kira “ɗa mai hannu” yakan zama “ɗ” a kalmomin da suka shigo ta bakin malamai: ɗalibi, ɗabi'a, ɗahara. Haka ya faru da “maganaɗisu”, wadda Larabawa suka karɓa daga Helenanci, inda take da alaƙa da sunan yankin Magnesiya. A gefenta Bahaushe ya ƙera tasa, “mayen ƙarfe”, wato mai jawo ƙarfe kamar yadda ake cewa maye yana jawo kurwa. Wannan baƙi ɗaya kuma ya zama “ts” a “tsibbu”, daga kalmar Larabci mai nufin ilimin likitanci. A nan ma'ana ta karkata: abin da yake aikin likita a harshen asali ya koma aikin laya da rubutun sha.

A fagen lissafi, “sifiri” ta fito daga kalmar Larabci mai nufin “wofi”, kuma ita ce ta haifi “chiffre” da “zéro” duka biyu. “Lissafi” kanta “al-hisab” ce, kamar yadda “littafi” take “al-kitab”: harafin “l” na farkonsu ragowar “al” ce da ta manne. “Lantarki” kuwa ta zo daga Ingilishi, tushenta kuma sunan wani daskararren ƙaro ne a Helenanci, wanda idan an goga shi yakan jawo ƙananan abubuwa marasa nauyi. Likitan Ingila William Gilbert ne ya ƙera kalmar Latin daga wannan suna a 1600. Jama'a dai sun fi cewa “wuta”, kuma ba wanda yake rikita “an ɗauke wuta” da mutuwar murhu.

Cuta: inda suna yake iya ceto ko cutarwa

Sunan da Turai ta ba zazzaɓin damina ya ginu kan zato. “Malariya” daga Italiyanci take, ma'anarta “mugunyar iska”, “paludisme” kuma daga kalmar Latin mai nufin fadama, domin an ɗauka tururin ruwan kwance ne yake kawo cutar. Sai a 1880 likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin marasa lafiya a Kustantina ta Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Sunan Hausa na zamani, “zazzaɓin cizon sauro”, ko “masassarar cizon sauro” kamar yadda aka fi ji a ƙasarmu, ya zo bayan wannan sani, don haka ya fi sunayen Turai faɗin gaskiya. Duk wanda ya furta shi ya ambaci dalilin cutar, ya kuma ji amfanin gidan sauro ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Haka “sanƙarau” take: daga aikatau “sanƙare” aka gina ta, tana nuna alamar da uwa za ta fara lura da ita, wato ƙagewar wuya.

“Ƙwaya” kuwa ta sha kaya fiye da ƙarfinta. Asalinta ƙwayar hatsi ce. Daga nan aka samu ƙwayar ido, ƙwayar magani, ƙwayar cuta, ƙwayar zarra, da ƙwayar halitta. Wannan ta ƙarshe wasu marubuta suna nufin ƙaramin ɗakin da aka gina jikin mai rai da shi, wasu kuma suna nufin abin da yake ɗauke da gadon kamanni daga iyaye. Abubuwa biyu ne, ɗaya yana cikin ɗaya.

Haɗarin ya fi girma a “ƙwayar cuta”. Abin da yake kawo tarin fuka, wanda Robert Koch ya gano a 1882, bakteriya ce. Abin da yake kawo ƙyanda da mura, birus ne. Abin da yake kawo masassarar cizon sauro kuma wani jinsi ne na uku. Magungunan kashe bakteriya ba sa taɓa birus ko kaɗan. Idan harshe ya kira dukkansu da suna ɗaya, aka kuma fassara sunan maganin da “maganin kashe ƙwayoyin cuta”, to mai mura yana da hujjar zuwa ya saye shi a bakin kasuwa. Yawan shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba shi ne yake sa bakteriya ta daina jin magani. A irin wannan wuri aron kalma ya fi alheri: a ce bakteriya, a ce birus, a bar “ƙwayar cuta” ta zama sunan da ya tattara su.

Ƙasa da itatuwa: inda manomi ya riga masani

Idan aka koma gona, lamarin ya juya. Manomin Maraɗi yana bambanta “jigawa”, ƙasa mai rairayi da sauƙin noma wadda gero yake so, da “geza” mai tauri, da “fadama” mai laka da riƙe ruwa. Wannan rabo ya yi daidai da bukata har masu bincike suka ɗauke shi yadda yake, kalmar “fadama” ma ta shiga rubuce-rubucen ilimin noma na wasu harsuna. Taswirar ƙasarmu cike take da irin waɗannan: Gulbin Maraɗi, Gulbin Kaba, da Korama a kudancin Damagaram. “Dallol” kuwa, kamar a Dallol Bosso da Dallol Mawri, kalmar Fulatanci ce ta kwarin tsohon kogi.

“Hamada” a Larabci tana nufin fili mai duwatsu wanda iska ta share wa rairayi. Hausa ta faɗaɗa ta zuwa kowane irin daji marar ruwa, har aka gina “kwararowar hamada” a kanta. “Sahara” ma'anarta hamada, haka ma “Tenere” a Tamajak, saboda haka mai cewa “hamadar Sahara” ya maimaita abu ɗaya da harshe biyu. “Sahel” kuwa gaɓar teku ce: an ɗauki hamada tamkar teku, garuruwan bakinta kuma tamkar tasoshin jiragen ruwa.

Sunayen Latin da masana suke ba tsirrai da dabbobi suna da amfani guda babba, wato kowane jinsi yana da suna ɗaya a duk duniya. Amma ba lalle su faɗi komai game da halin abin ba. Gawo sunansa “Faidherbia albida”: kashi na farko daga sunan Louis Faidherbe ne, gwamnan mulkin mallaka na Senegal, na biyu kuma yana nufin “mai fari-fari”. Abin da ya sa gawo ya zama abokin manomi ba ya cikin sunan. Yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, ya kuma yi kore da rani lokacin da dabbobi suke bukatar inuwa da ƴaƴansa. Dabarar nan ta barin tohon itatuwa a gona ana yi musu aski maimakon a tumɓuke su, wadda ta bazu daga yankin Maraɗi tun shekarun 1980, ta samu suna “sassaben zamani”. An ɗauki kalmar da kowane manomi ya sani, aka ƙara mata siffa ɗaya, sai ta bayyana sabon aiki.

Wani lokaci kuma sunan Latin da na Hausa sukan haɗu. Dabbar nan mai dogon wuya da ake zuwa kallo a Kure, kusa da Yamai, Bahaushe ya kira ta “raƙumin dawa”. Sunanta na kimiyya yana ɗauke da “camelopardalis”, wato raƙumi da damisa a haɗe. Duka biyun sun bi hanya ɗaya, ta kwatanta baƙon abu da sananne.

Tarihi a cikin aljihu

“Tarihi” a Larabci asalinta sanya wa abu kwanan wata ne, “histoire” kuwa daga kalmar Helenanci mai nufin bincike. Kafin kalandar Turawa ta zama ruwan dare, jama'a suna lissafin shekaru da manyan aukuwa, musamman yunwa. Ta 1913 zuwa 1914 ana kiranta “Kakalaba”. Ta 1984 kuma aka raɗa mata “El Buhari”, domin ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, hatsi ya daina shigowa kamar da. Mai tattara tarihin baka da bai san waɗannan sunaye ba, ba zai iya gane shekarun da tsofaffi suke ba shi labari ba.

Kalmomin kuɗi sun fi kowanne adana tarihi. “Kuɗi” jam'in “wuri” ne, ƙaramin ƙwanson dabbar teku da ake kawowa musamman daga tsibiran Maldib na tekun Indiya. Wuri ya daina aiki, sunansa ya zauna. “Jika”, wadda take nufin faran 1000 a kasuwanninmu, jaka ce ta zuba kuɗi. “Dala”, wato faran 5, ta fi su doguwar tafiya. A ƙarni na 16 an haƙa azurfa a wani kwari na ƙasar Bohemiya mai suna Joachimsthal, a Jamhuriyar Cek ta yau, aka buga kuɗi da ita. Aka gajarta sunan kuɗin ya zama “thaler”. Daga gare shi dalar Amurka ta samu suna, daga gare shi kuma aka samu kuɗin azurfan nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinsa, fatake suka ratso hamada da shi. Mai tallar ƙosai da ta ce “dala biyar” tana furta sunan wani kwari na tsakiyar Turai. Daga ma'adinan wannan kwari ne kuma Marie da Pierre Curie suka samu dutsen yuraniyom da suka yi bincikensu a kansa. Shi yuraniyom, wanda ake haƙa a Arlit tun 1971, an sa masa suna a 1789 daga duniyar Uranus da aka gano a 1781.

Wasu kalmomin sun sauya waɗanda suke nufi. “Bature” da “Turawa” a da Larabawan arewacin Afirka ake kira da su, fataken da suke zuwa daga Tarabulus da Gadamas, kafin sunan ya koma kan mutanen Turai. “Zango” masaukin ayari ne a wajen ganuwa, shi ya sa Damagaram take da Birni da Zango, kuma fataken goro suka kai kalmar har Kumasi, inda take nufin unguwar baƙi Musulmi. “Boko” kuwa an daɗe ana cewa daga kalmar Ingilishi ta littafi aka aro ta, sai Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa “amaryar boko”. Sunan da aka ba karatun Turawa hukunci ne da mutanen wancan zamani suka yanke masa. Darasin da ke nan ga ɗalibi shi ne, kamar sauti kaɗai ba ta isa hujjar asali ba, sai an duba tsarin sauti da karin sauti da tsofaffin ƙamusoshi.

Abin da ya rage gare mu

Misalan nan sun nuna hanyoyi uku da Hausa take bi: ta faɗaɗa tsohuwar kalma, kamar duniya da sinadari, ta harhaɗa sabuwa daga nata kayan, kamar mayen ƙarfe da sassaben zamani, ko ta ara ta daidaita da bakinta, kamar maganaɗisu da lantarki. Kowace hanya ta haifar da kalmomi nagari, kowace kuma tana da inda take kasawa. Ana cewa kayan aro ba ya rufe katara, amma littafi da lissafi da tarihi duk aro ne, kuma babu mai jin baƙuntarsu a yau.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da mu. Iyakar da aka shata tsakanin Nijar da Nijeriya ta sa aro yana shigowa ta ƙofa biyu. A nan ana cewa “lakwal” da “mushe” da “lokotoro”, a can ana cewa “makarantar boko” da “tica” da “likita”, alhali “likita” a bakin mutanenmu sau da yawa gidan magani take nufi. A hirar yau da kullum wannan ba ya hana fahimta. A littafin kimiyya kuwa, idan kowane ɓangare ya ari nasa, za a wayi gari ɗalibin Tawa ba ya iya karanta littafin da aka buga a Zariya.

Saboda haka, duk wanda aka ɗora wa aikin samar da kalma, ya dace ya yi wa kansa tambayoyi uku. Shin manoma ko maƙera ko makiyaya ko ungozomai suna da kalmar tun tuni? Shin kalmar da aka zaɓa tana raba abin da ilimin ya raba, ko tana cakuɗa su kamar yadda “ƙwaya” take yi? Shin za a gane ta a Maraɗi da Katsina baki ɗaya? Amsar tambaya ta farko ba ta cikin ɗakin karatu. Tana bakin tsofaffin da suka san sunan kowace ciyawa da kowane tauraro, kuma kowace shekara adadinsu raguwa yake yi. Ɗalibin da ya koma garinsu hutu da littafin rubutu, ya zauna da su ya rubuta sunayen ƙasa da tsirrai da cututtuka da shekarun yunwa, tare da karin sautinsu da jimlolin da ake sa su a ciki, ya yi wa ƙamus na gobe aikin da ba wanda zai iya yi bayan sun tafi.